Layin Da Aka Ce In Goge

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi, yara kuma suna lafiya. Ni ma lafiya lau, barci ne kawai ya ɗan yi mini wuya.

Ka san aikina. Duk manhajar da ke son wani abu sai ta roƙi babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ni kuma ina rubuta abin da kowane roƙo ke jawowa. Manhaja takan raba aikinta kashi-kashi, kowane kashi muna ce masa zare. Akwai roƙon da littafin bayaninmu, wanda nake rubutawa, ya ce zare ɗaya yake tsayarwa. Na gwada, na sake gwadawa, wani lokaci aikin gaba ɗaya yake kashewa. Kuma na'urorin lura da bugun zuciyar majinyata za a saka wa wannan babbar manhajar tamu idan an saye ta.

Na rubuta gargaɗi a cikin littafin. Shugabar sashenmu ta turo ƙofa ta ce, "Goge layin nan sai an gama ciniki. Ki tuna wa ke sabunta miki takardar zama a ƙasar nan." Ta juya ta fita.

Ban goge ba, Yaya. Na tura littafin yadda yake. Gobe da safe manya suna son ganina.

Kada ka gaya wa Inna, ka ce dai ta sa ni a addu'a. Ka gaishe mini da Anti. Ɗakina kuma da ka ce za a mayar shago, a ɗan dakata tukuna.

Ƙanwarka.