Kular Dada Ba Za Ta Kai Montreal Ba

Tanti Enyonam, mai shafin ba da shawara, ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni haifaffen unguwar Be ne a Lome, amma na daɗe ina koyarwa a Libreville. Ranar da zan bar gida, mahaifiyata, Dada, ba ta tambayi nisan garin ba. Da aka ce mata awa biyu ne a jirgi, sai ta share hawaye ta ce ashe nan da nan ne, ko ablo, wainar masarar nan tamu da ake turarawa, ba zai huce ba.

Haka kuwa aka yi. Duk sanda maƙwabciyarmu Da Mawusi, mai safarar atamfa, za ta taso zuwa Libreville, Dada kan cika kula da ablo da soyayyen kifi da yaji, ta naɗe ta da tsohon zaninta. Ni kuma in je filin jirgi ina leƙe. Ita kuwa Da Mawusi ta miƙo min tana yi min tsiya, wai ƙato da gemu amma har yau ana shayar da ni ta jirgin sama. A cikin tasi nake buɗewa, tururi ya bugi fuskata, in ji ƙamshin tsakar gidanmu. In za ta koma, in ba ta kular wayam.

Yanzu na samu aikin koyarwa a Montreal. Sai an canza jirgi a hanya, kusan yini guda ake yi. Da na faɗa wa Dada a waya, sai ta ce, ablo zai iso da ɗumi kuwa? Idonta ya yi rauni, ƙafa ma ta ƙi. Ni kuma rabona da gida shekara huɗu, kullum ina cewa ai kusa ne. Ga kuma kuɗin karatun yaran da na haifa, wanda sabon aikin zai ɗauke min. Ƙarshen wata masu aikin za su ji amsata. In tafi ko in zauna?

Mai kewar gida, Libreville

Ɗana,

Aikin ba laifi ba ne, kuma yaranka suna da haƙƙi a kanka. Ba zan ce ka ƙi shi ba. Amma kada ka ɗauka zancen abinci Dada take yi. Tambayarta ita ce, ranar da aka kira ka cikin gaggawa, za ka same ta?

Ka yi haƙuri in faɗa maka gaskiya. Awa biyu ne tsakaninku, amma kula ta fi ka sanin hanyar gida. Wanda ke Montreal yana zuwa duk shekara ya fi ka kusa.

Kada ka yanke hukunci ta waya. In za ka karɓi aikin, ka tsayar da watan zuwanka na kowace shekara, ka samar mata mai kula da ita, ka faɗa mata ainihin nisan ba ragi. Kafin nan, wannan karon kada ka ba Da Mawusi kular. Ka kai ta da hannunka, ka zauna kusa da murhu, ka ci a gaban Dada tun tana iya ganin ka.

Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka same ta da ƙarfinta.

Tanti Enyonam