Igiyar Karsanar Buba Tana Jiranka

Zuwa ga Mushe Direkta na furoje, wato shirin da ya zo ɗaukar muryoyin tsofaffi a Dakoro,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da sanyin biro, ofishin nan naka. Ni ce Hajiya Rabi, tsohuwar malamar lakwal, makarantar boko, matar marigayi Malam Idi mai maganin dabbobi. Na san ba za ka tuna shi ba. Injin da kuka koya wa magana kuwa ya san shi sarai, tunda da muryarsa yake amsa wa makiyaya a waya.

Na ɗaya. Damina uku da suka wuce mutanenka suka tsaya da mota a ƙofar gidanmu, suka ce za a adana ilimin tsofaffi saboda jikoki. Kwana tara Malam yana kan buzu yana zuba musu abin da ya tara tun yana bin shanun ubansa. Ni na dama musu fura. Da za su tafi suka ba shi hular kaskat, suka sa ya dangwala yatsa a wata takardar Faransanci. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina koyar da Faransanci ina cikin gida, ba wanda ya ce in leƙo in karanta. Babu wanda ya ambaci inji.

Na biyu. Malam bai taɓa faɗin awon magani ba sai ya ga dabba. Sai ya danna kwiɓinta, ya buɗe bakinta, ya duba kashinta. Ko daga Ɗan Gulbi aka zo, ya gwammace ya hau amalanke ya je da ya auna daga nesa. A kwana taran nan, duk maganin da ya ambata sai ya ce sai an ga dabba. Da kunnena na ji, har na gaji da ji. Da na rubuto muku bara cewa injinku ba ya faɗin wannan gargaɗin, amsarku ita ce kun tace maimaici don maganar ta yi tsabta. Sannunku da tsabta. Kun zubar da hatsin, kun ɗauki dusar kun kai birni kuna taƙama.

Na uku. Watan jiya Buba, wani makiyayi daga Bader Gula, ya yi sallama a gidana. Karsanarsa ce cikinta ya kumbura. Ya tambayi waya, muryar Malam ta ba shi awon sassaƙen maɗaci da kanwa, ya ɗura mata don ya yarda da mai muryar. Kafin la'asar ta mutu. Ita ce ya ware wa 'yarsa. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya ajiye igiyarta a bakin zaure ya juya. Yanzu a kasuwar dabbobi ana cewa maganin Malam Idi kisa yake. Mutumin da ya kwanta dama da sunansa fes, ku kuka ɓata shi yana cikin kabari. Abin yana ci mini rai, kuma ban ɓoye ba, na raina wannan ilimi naku.

Ga buƙatuna. Ku cire muryar mijina daga injinku, ba naku ba ce, aro aka ba ku don jikoki. Ku shiga rediyon gari ku faɗa da Hausa da Fillanci cewa ku kuka yanke masa magana. Sannan ka zo da ƙafarka ka dubi idon Buba, kada ka aiko mini wata takarda mai hatimi.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya ba ka kunnen da zai saurari tsoho har ya kai aya. Allah ya sa kada wani ya ari bakinka bayan ranka.

Igiyar tana rataye a zaurena, ban ko kwance ƙullin ba. Buba ya kawo ta gidan da ba nan ne ba, taka ce.

Wassalam.

Hajiya Rabi, Dakoro