Ja Ko Mai Ruwan Toka

Tucson, Fabrairu

Ƙanena Orrin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙugun naka ya yi sauƙi. Tunda ka ƙi saka abin jin nan a kunne, kiran waya ya zama ihu, shi ya sa na koma takarda.

Macijiyata Clementine ta mutu. Na san ba za ka yi kuka ba. Shekara ashirin da ɗaya muna tare, tun ina koyar da kimiyya tana cikin akwatin gilashi a bayan aji, yara suna rububin kallonta. Na binne ta a gindin lemon bayan gida.

Akwai wata mata a unguwarmu, Yolanda, mai kiwon macizan masara, marasa dafi, irin Clementine. Ƙanana biyu suka rage mata, mace da namiji. Ta ce namiji, idan lokacin barbara ya zo, sai ya daina cin abinci, ya yi ta zagaye yana neman mafita. Mace ta fi natsuwa, amma takan yi ƙwai ko babu namiji, wani lokacin ƙwan ya maƙale, sai in mai ita ta lura da wuri. Macen ja ce kamar bulo, raina yana kanta. Amma ina jin namijin zan ɗauka, mai ruwan toka. Me ka gani?

Ɗakin baya yana nan babu kowa, kuma nan ba ƙanƙarar da za ta sake kayar da kai.

Yayarka,
Marlys

Duluth, Fabrairu

Yaya Marlys,

Na sami takardarki, ina gaishe ki. Allah ya ba ki haƙurin Clementine, ko da yake ni da ita ba mu taɓa shiri ba.

Kin kawo tambayarki wurin mutumin da ko igiya ya gani a ƙasa sai ya kauce. Shawarata ki sayi kifi.

Ƙugu da sauƙi. Ina zuwa kanti da sanda, maƙwabcina Leif yana kwashe mini ƙanƙarar ƙofa. Maganar ɗakin baya kuwa, na faɗa miki tun a asibiti, ba zan zo in zama kaya a gidan kowa ba, ko da gidanki ne.

Amma akwai abin da ya tsaya mini. Tun muna yara ban taɓa ganin kin so abu kin ɗauki waninsa ba. Ke ce fa kika sa Baba ya mayar da keke har sau biyu saboda launi. Ga rubutunki kuma, haruffa manya-manya, layin yana gangarowa, rabin adireshina kin rubuta shi a kan kan-sarki. Yaya, me ke faruwa?

Ki huta lafiya,
Orrin

Tucson, Maris

Orrin,

Ina gaishe ka. Na daɗe ban amsa ba saboda haushinka nake ji, ka cika sa ido.

Idanuna ne. Tsakiyar ganin ce ke tafiya. Ina ganin gefe-gefe, amma idan na kalli fuskar mutum sai in ga tabo. Na tambayi likita ko zai dawo, ta ce, "Za mu yi ƙoƙari kada ya ƙaru, iyakar abin da zan ce miki ke nan." Tun kafin Kirsimeti na ajiye makullin mota.

Da na je wurin Yolanda, ta ɗora mini macen a hannu, ta naɗe a wuyan hannuna ta kwanta. Yolanda ta ce, "Anti, idan cikinta ya kumbura, za ki gani?" Na ce a'a. Sai ta ce, "To namijin ma ba shi da laifi." Gaskiya ta faɗa, ba shi da laifi.

Ban gaya maka ba ne don kada ka ce dabarar janyo ka nake yi. Ina dafa abincina, na san gidana ko da idona a rufe. Yolanda za ta riƙe mini su duka biyun zuwa ƙarshen wata. Ranar Asabar zan ce mata namijin.

Ka riƙa cin abinci mai zafi, ba gwangwani kullum ba.

Yayarka,
Marlys

Duluth, Maris

Yaya,

Gaisuwa. Ki ce wa Yolanda macen.

Kunnena ne ya mutu, idona garau yake. Zan riƙa duba mata ciki ta bayan gilashi, daga nesa. Kada ki sa rai zan taɓa ta.

Leif zai raka ni da motata a farkon Afrilu, ya dawo ta jirgi. Na ba shi ƙugiyoyin kamun kifina, ya yi ta murna kamar ba zai yi kewata ba.

Sharaɗina ɗaya ne. Daskararrun ɓerayen da za ta riƙa ci ba za su zauna a firji ɗaya da abincina ba. Zan taho da ƙaramin nawa na gareji, ki nema masa wuri.

Sai na zo,
Orrin