Ƙullin Inna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Kawu da take tashi in an yi sanyi. Iska ta ɗaga mana langa-langa ɗaya a ɗakin girki, na danne da duwatsu.

Na samu saƙonka cewa in sayar da awaki shidan Inna, Allah Ya jiƙanta, in haɗa kayana in taho wurinku. Wallahi Yaya ni ma na ƙosa, zaman kaɗaici a bakin dajin nan ya ishe ni. Amma akwai abin da ban gaya maka ba. Ka san ni da ɗaurin akuya, har Inna ta rasu tana yi mini tsiya wai ko kaza ba zan iya ɗaurewa ba. Satin farko bayan rasuwarta sau uku suka kwance suka faɗa gonar maƙwabci, na ba da haƙuri har bakina ya bushe. To tun daga nan ba su ƙara kwancewa ba. Zan ɗaure su da safe, in je rijiya, in dawo in tarar an sake ɗaurin, da ƙullin nan nata na bahaguwa, mai zagaye biyu, wanda ta yi ta koya mana muka kasa. Harawar da na zube a ƙasa kuma sai in same ta a rataye, yadda take yi don kada su tattake. Na tambayi Kawu ko shi ne, ya ce rabonsa da gidan tun ranar rasuwa.

Shekaranjiya da hantsi mahauci ya zo. Ya durƙusa zai kwance jar akuyar nan, uwarsu, ƙulli ya ƙi. Yana zaro wuƙa, duka shidan suka daina tuƙa, suka zuba wa ƙofar ɗakin Inna ido, alhali a kulle take. Sai ya miƙe, ya ce shi ba ya sayen dabbar da mai ita ba ta sallama ba. Ko ruwan da na kawo masa bai sha ba.

Jiya na ce to shi ke nan, a bar wa Kawu su, ni dai in tafi. Na haɗa jakata, na leƙa na shaida masa. Ina dawowa na tarar da sabon turke a bakin ƙofar ɗakina, na bakwai, da igiya an riga an ƙulla. Zargen ya yi wa ƙafar akuya faɗi da yawa, Yaya. Ban gwada ba, amma na san ƙafar wa aka auna, kuma tsoro nake ji.

Ka gaishe mini da Anti da yara, da Goggo in kun haɗu. Kawu yana gaishe ka. Don girman Allah kada ka aiko direba, ka zo da kanka. Kai ne babba, wataƙila in kai ka roƙi Inna za ta sake ni.

Ƙanwarka,
Auta