Bargunan da Muka Aika wa Ɗakin Haihuwa

Manfuha, Riyad
Watan Rajab

Zuwa ga Gwaggona Hajjo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ɗa ga uwarsa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk wanda yake ƙarƙashin inuwarki. Yaya ƙafar? Yaya Sumayya ta ce min tun da sanyi ya shigo gwiwar ta sake tashi, har sallah ma a zaune kike yi. Allah ya sa kaffara ce, ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya ƙara miki kwana masu albarka. Ni nan lafiyata ƙalau. Har yanzu motar kamfanin kayan gini nake ja, kuma an sabunta min iƙama, wato takardar zama, ba tare da wata wahala ba. Sai dai sanyin bana a Riyad ba a cewa komai. Wanda bai zo ba yana zaton ƙasar nan zafi ce kawai, alhali da asuba in ka taɓa ruwan alwala sai ka ji kamar an datse maka yatsu. Hukumar gari kullum sai ta turo mana saƙo a waya, a kula da na'urar ɗumama ɗaki, kada kuma a rufe ƙofa a kan gawayi.

Gwaggo, na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali muna gaisawa a waya. Maganar ce ta fi ƙarfin waya. Sau da yawa na kira ki da niyyar faɗa, da na ji muryarki sai bakina ya yi nauyi, in ƙare da tambayar awaki. Shi ya sa na ba Maulud ɗan garinmu takardar nan, tunda zai zo hutu. Bilƙisu, na san ke za ki karanta wa kakarki. Ki karanta yadda na rubuta, kada ki tsallake komai don jin kunyar kawunki Munzali, domin a kansa maganar take.

Bari in faro daga tushe. Kin tuna abin da ya sami Salmanu bara, abokin zamana a ɗaki ɗaya a nan. Matarsa Lailatu ta haihu a asibitinmu na Kwarin Gawo tsakiyar sanyi, a ɗakin haihuwar nan da tagoginsa suka farfashe, babu abin rufa sai zanin da ta zo da shi. Sanyi ya kama ƙirjin jaririn, bai kai suna ba ya koma. Ina tare da Salmanu lokacin da aka faɗa masa, kuma ba na fatan in sake ganin namiji a irin wannan hali. Da muka ji bana Lailatu ta sake samun ciki bayan hutun da Salmanu ya je gida, kuma haihuwar a sanyi za ta sake faɗowa, sai mu 'yan garinmu da ke nan muka yi shawara a ƙungiyarmu cewa ba za mu zuba ido ba. Direbobi da magina da masu shago, har da 'yan'uwanmu mata ma'aikatan jinya da ke unguwar Shifa, kowa ya kawo abin da Allah ya hore masa. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci ni da Salmanu sai mu nufi kasuwar Batha. Da hannunsa yake shafa kowane bargo, in ya ji da kaushi ya ajiye, ya ce fatar jariri ba za ta ɗauka ba. Muka haɗa barguna manya na masu jego da ƙanana na jarirai, da huluna da safa da rigunan sanyi. Akwai waɗanda suka ba da gudummawa alhali su kansu rigar sanyin da suke fita aiki da ita ta mutu.

Da aka zo maganar wanda zai karɓi kayan a gida, Likita Zainul'abidin, shugaban ƙungiyarmu, ya ce a aika kai tsaye ga Malama Rekiya, ungozomar asibitin. Ni ne na kira Munzali don neman shawara, tunda shi ne kansilan mazaɓarmu. Ya nuna murna ƙwarai, ya yi ta sa mana albarka. Ya ce ai kaya ba sa shiga asibitin gwamnati sai ta hannun ƙaramar hukuma, in aka bi ta bayan fage Rekiya za a ja wa matsala. Ya ce a bar masa komai, shi zai sa mota ta ɗauko kayan daga Kano, kuma zai sa hukuma ta gyara tagogin kafin sanyi ya kankama. Likita bai gamsu ba. Ya ce shi bai san Munzali ba kuma ba ya zarginsa, amma zaɓe na tafe, bai kamata a ɗora wa ɗan siyasa irin wannan jarrabawa ba. Sai na miƙe a gaban mutane na ce wannan ba ɗan siyasa ba ne a wurina, ƙanena ne. Na ce tun da mahaifina ya rasu uwar Munzali, wato ke, ta ɗauke ni, tabarma ɗaya muka kwana, ƙwarya ɗaya muka sha fura, in Munzali ya ci amana to ni na ci. A kan wannan magana tawa aka sa sunansa a jikin kayan.

Ƙaramar hukumarmu tana da shafin da take sa labaranta, a waya ake gani. Ni ba ya wuce ni, don ta nan nake jin ƙamshin gida. Wata Juma'a da rana muna zaune muna cin abinci, na buɗe na ga sanarwar ayyukan lokacin sanyi. An ce za a yi wa yara rigakafi, an ja kunnen mata kan kwana da garwashi a ɗaki saboda gobara, an ce an gyara famfon bakin kasuwa. A ƙasa sai ga hoton Munzali da babbar riga, an rubuta cewa mai girma kansila ya raba wa al'ummar mazaɓarsa barguna daga aljihunsa. Har da bidiyo. Filin makarantar firamare ne, an kafa rumfa, maroƙa na ta kirari, mata sun yi layi. Gwaggo, bargunanmu ne. Jakunkunansu ma ba a canza ba, rubutun Larabcin shagon da muka saya yana nan, hotonsa kawai aka manna a kai. Hulunan jariran kuwa a tire aka zuba su, shugabannin mata na jam'iyya suna ɗiba. Salmanu yana gefena. Ya kalla har ƙarshe, ya ce in mayar masa farko, ya sake kallo. Daga nan ya wanke hannu, ya sa takalmi ya fita. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Duk da haka zuciyata ta yi ta nema wa Munzali uzuri. Na ce wataƙila ya kai na asibiti, ragowar ce ya raba. Na kira Malama Rekiya. Ta ce ita ko safa ɗaya ba ta gani ba, tagogi kuma har yanzu kwali da buhu ne a jikinsu. Ta ce ta ji labarin kayan a gari, ta je sakatariya ta tambaya, aka ce mata babu wanda ya kawo wa hukuma komai da sunan asibiti. Ashe ko maganar cewa sai ta hannun hukuma ma shi ya ƙirƙire ta.

Sai da na yi ta kira kafin ya ɗauka. Na yi zaton zan ji kunya a muryarsa, sai na ji dariya. Ya ce Yaya ka daɗe a waje, ka manta yadda gida yake tafiya. Ya ce waɗanda suka karɓa su ma ai talakawa ne masu jin sanyi, ladanmu yana nan bai ragu ba. Ya ce in Allah ya ba shi kujerar da yake nema, sabon ɗakin haihuwa zai gina gaba ɗaya, ba gyaran taga ba. Na tambaye shi matar da za ta haihu a watan nan fa, ta jira zaɓe? Ya ce rai da mutuwa na Allah ne. Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya min a maƙogwaro shi ne na ƙarshe. Ya ce in gaya wa 'yan ƙungiya cewa rabin kayan an riƙe su a hanya, shi ya sa bai kai asibiti ba, kada in bari bare su ji kanmu. Wato bayan ya sayar da mutuncina, yana so in zo in taya shi ƙirga cinikin. Na ce masa ban iya ba, na kashe wayar.

Lailatu ta haihu, an samu ɗa namiji. Malama Rekiya, Allah ya saka mata da alheri, bargon gadonta ta ɗauko daga gida ta rufa musu. Duk da haka yaron ya kwashi sanyi a ƙirji, sai da aka garzaya da shi babban asibiti. Kwanakin nan Salmanu bai iya cin abinci ba, ni kuma ban iya haɗa ido da shi ba, ga shi ɗakinmu ɗaya. Alhamdu lillahi an sallamo su, yaron yana kama nono, an raɗa masa suna Mahamadu. Amma ki duba, Gwaggo, da abin ya zo da ƙarar kwana, da wane baki zan yi wa Salmanu ta'aziyya?

A taron ƙungiya na miƙe a inda na miƙe a da, na faɗi komai yadda yake, har da ƙaryar da aka ce in yi. Na ajiye muƙamina na sakatare, ko da yake Likita ya ce ba a kore ni ba. Matasanmu suka fusata, suka ce sai sun watsa labarin duniya ta ji, da hotunan da muka ɗauka lokacin da muke ɗaure kayan. Ban hana su ba, don ba ni da bakin hanawa. Salmanu ne ya hana. Ya ce bara da ɗansa ya rasu, ke kika je da sandarki kika zauna da Lailatu har aka share makoki, kullum da ƙwaryar kununki. Ya ce ba zai so a riƙa nuna ƙofar gidanki da yatsa ba, ya bar Munzali da Allah. Ki ga wanda aka zalunta shi yake rufa mana asiri. A nan ne hawaye ya zubo min a gaban mutane.

Yanzu mun sake sabon lale. Duk mai zuwa hutu zai riƙa ɗauko 'yan kaya a jakarsa ya damƙa wa Malama Rekiya hannu da hannu, Maulud ma yana ɗauke da kashin farko. Tagogin kuma mun yi magana da mai gari da shugaban asibitin, kafinta zai fara aiki.

Abu biyu nake roƙo a wurinki. Na farko, makullin gidan da nake ginawa da takardun filin suna hannun Munzali, shi yake duba min aikin tun da na taho. Ki karɓa ki ba mijin Yaya Sumayya. Ban ce ya taɓa min komai a can ba, ban bincika ba, ba na kuma son in bincika. Na biyu, an ce ya kawo miki bargo ɗaya mai ruwan ƙasa, ya ce tsaraba ce ya sayo miki. Na san halinki, kina jin wannan takarda za ki ce a fitar miki da shi daga ɗaki. Don Allah kada ki yi. Na tambayi 'yan ƙungiya, kowa ya ce halak malak, Salmanu ma cewa ya yi da ya san zai iso gare ki da ya zaɓo wanda ya fi shi kauri. Ki rufa, ki sa mana albarka.

Kada ki ɗauka na yanke zumunci. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Munzali ɗanki ne, ƙanena ne, in ya yi ciwo zan zo duba shi, in 'ya'yansa suka tashi aure ni ne uba. Ba na kuma so ki yi masa baki, na san nauyin bakin uwa. Ki kira shi ki yi masa faɗa irin wanda kike mana muna yara, wataƙila ke ya ji taki. Amma ni dai ba zan sake tsayawa a gaban mutane in ce na tsaya masa ba, kuma na fi so ki ji haka daga gare ni kafin ki ji a bakin wani.

Ki gaishe min da Yaya Sumayya da maigidanta, da Baba Hamisu, da Rahina da yaranta. Matata Iklima da yara na san suna zuwa gaishe ki, ki ci gaba da haƙuri da ƙiriniyar Uwaisu. In ƙafa ta yi sauƙi a kai ki ki ga jaririn Lailatu, ki yi masa addu'a. Bilƙisu, sannu da karatu, Allah ya yi miki albarka. Munzali ma a ce ina gaishe shi. Iyakar saƙona gare shi ke nan.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ɗanki,
Isiyaku