Ranar da Aka Mai da Kyauta Kogo

Dangora, watan Cika-ciki, 1954

Zuwa ga ɗana Surajo, a Kano.

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya iyali, yaya aikin gadi? Malam Ɗantani ke rubutawa, ni ke faɗa, na kuma hana shi gyara mini magana.

Uwarka Kyauta ba ta ci tuwo ba tun ranar da ka sa ta a kwalekwale, wai ta sha iska, ka kai ta kogon nan na tsibiri, bayan Tudun Wada. Na ce kada a je, ka ce rigimar tsufa ce. Mai fito ya ba ni labari duka. Ka tsaya bakin kogon kana zuba, wai wani fursunan Japan ya gaya maka a yaƙin Bama su ma suna da tsibiri mai kogon dodanni masu ƙaho, wani jarumi ya ƙetara ya karkashe su, ya kwaso dukiyarsu. Ka bugi ƙirji, wai haka kakanka Mainasara ya yi a nan. Har ka tsinci ƙashi ka sa mata a hannu, wai ta taɓa na dodo.

To, buɗe kunne. Ba dodo ko ɗaya a kogon nan. Manoma ne suka ɓuya da 'ya'yansu. Ubana Mainasara ya toshe bakin da kara, ya zuba barkono, ya cinna wuta. Waɗanda suka rarrafo waje aka kama bayi, aka raba. Wata 'yar mitsitsiya, sai tari take, ba mai saye, aka ɗora masa ita kyauta a kan rabonsa. Inda sunanta ya fito ke nan. Uwarta da ƙannenta ba su fito ba. Dukiyar kakanka ke nan, ita ta haife ka.

Kada ka zo. Ganinka ba magani ba ne.

Ka gai da yara.
Ubanka, Ɗanasabe

Dangora, watan Takutaha

Surajo,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Mu sai haƙuri.

Takardarka ta iso, wadda ka ce a karanta wa uwarka, wai ba ka sani ba, ta yafe maka. Ni aka karanta wa. Ita ba ta ji ba, don ban ga amfanin tayar mata da tari ba.

Allah ya karɓi abarsa ran Talata, bayan la'asar. Ta yi ta kiran sunanka. Liman ya ce a aika a kira ka, na ce hanya ba kyau. Da mata suka taru suna nema wa 'ya'yanta gafara, ta yafe wa Tani, ta yafe wa Luba. Da aka zo kanka, tari ya sarƙe ta. Yayarka Tani ta so ta sake tambaya, na ce a ƙyale baiwar Allah ta huta. Ba ta ƙara magana ba.

Ko ta yafe, ko ba ta yafe ba, in kun haɗu ka tambaye ta.

Wassalam.
Ubanka, Ɗanasabe