Gurbin Katifar Nusaiba

Assalamu alaikum Yaya Hajara,

Gaisuwa mai yawa daga Madina. Ya jikin Inna, ya ƙafarki, ya maigidan da yara? Ina nan lafiya, sai kewarku.

Kin tuna ɗan ɓeran adon nan, hamsta, na 'yata Nusaiba, Allah ya jiƙanta, wanda nake faɗa a fitar min da shi? Yau ni ke ba shi abinci. Kejinsa ya yi masa kaɗan, kullum yana gaigayar ƙarfe. Sai na sayo dogo irin na aku, a zatona tsawo ne girma. Ya hau sama ya faɗo.

Na koma shagon da na sayo kejin a unguwar Khalidiyya. Mai shagon ya ce, "Ya Hajja, ba tsuntsu ba ne. Faɗi yake so, da zurfin da zai tona rami." Ya ba ni mai faɗin kamu biyu.

Kin ga ɗakinmu da kika zo Umra. Babu inda kejin zai zauna sai gurbin katifar Nusaiba, wadda ban taɓa ba tun rasuwar. Kwana uku ina kallonta. Ranar Juma'a na naɗe ta, ƙamshin man gashinta yana nan. Na yi kuka, sannan na jawo kejin ni kaɗai. Da kina kusa, da kin kama min ɗaya gefen.

Ki sa ta a addu'a, ni kuma ki roƙa min dangana. Ki gaida Inna da kowa.

Ƙanwarki,
Rabi